Daɓen Kicin ɗin Mama

Santa Eduviges, 9 ga Maris

Yaya Griselda,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da yara da sanyin Boston. Mu nan lafiya, in ban da tarin Baba.

Kin tuna baƙin ɓawon da ruwan zafin ƙarƙashin ƙasa ke bari a bututun tashar lantarki? Wanda Baba ya shekara talatin yana kankarewa, har ya kwaso buhu-buhu ya daɓe wa Mama kicin, don ba ya riƙe laima? Kamfanin tashar, inda nake aiki, ya sa na auna shi. Akwai azurfa, akwai zinariya. Akwai kuma gubar arsenik, mai yawan da ya sa na sake awon sau uku.

Shugabana ya duba takardar ya ce, "Layin sama ya isa. Na ƙasan nan, na gubar, tayar wa mutane da hankali zai yi." Mutum ne mai tausayi.

Ran Lahadi na je gida, labarin zinariya ya riga ni. Baba ya tara maƙwabta a kicin yana cewa, "Ku cire takalma, matsiyata, kan dukiya kuke tsaye!" Maƙwabcinmu Don Eleuterio ya ce, "Ka ji mai arziki da wando ɗaya!"

Na ce a bari kamfani ya haƙe daɓen, sun ma nema. Baba ya ce ko gwamna bai isa ba. "Da hannuna na yi wa uwarku. A nan take durƙusawa ta niƙa masara, ƙafarta ba ta taɓa jin sanyi ba."

Yaya, da na so, da na jira mutane su watse. Ban jira ba. Na karanta masa layin ƙasa kamar mai karanta wa ɗalibai, na tuna masa baƙaƙen tabon tafin hannun Mama, da shekara biyun da ta yi a kwance kafin ta rasu. Maƙwabta suka lallaɓa suka nemi takalmansu.

Ya ce, "Ni na kashe ta ke nan?"

Na ce, "Awon bai faɗi suna ba."

Ya shiga ɗaki ya jawo katifarsa, ya shimfiɗa a kan daɓen, ya kwanta ya juya mini baya. "In kin fita ja mini ƙofa, 'yar boko."

Na ja masa.

Ki gai da yara. Ki kira shi, ke har yanzu yana ɗaukar wayarki.

Ƙanwarki,
Nohemí