Kada Ki Ɗora Tulun Nan a Ka

Naomi tawa, ruwan farkon damina, inuwar ɗorawar da nake hutawa, hantsin da ke sauka kan dutsen bayan gidanku!

Na ji abin da ogan 'yan yawon buɗe ido ya faɗa miki: wai ran Asabar ki ɗora tulu a ka baƙinsa su ɗauki hoto, in ba haka ba ki bar rumfar tukwanenki. A ka! Ke, 'yar Gbagyi! Mutumin da ke riƙe lasifika yana zuba wa Turawa tarihin unguwarmu, ashe bai san matanmu a kafaɗa suke ɗaukar kaya ba? Bai san a wurinmu kai ya fi ƙarfin dako ba? Tir!

Ina suke lokacin da kakarki ke haƙar yumɓu a nan, Abuja ko a takarda babu ita? Irinsu ne fa suka zo da jan fenti suka shafa wa katangunmu alamar rusau, suna toshe hanci, wai mun ɓata musu birni. Yanzu da mai ya yi daraja, baƙi suka cika otal-otal, sai ƙazantar jiya ta zama kayan tarihi. Sun yaɓa siminti sun shafe da jar ƙasa, sun kafa bukkar da ko akuya ba za ta kwana ciki ba, 'yan ma'aikatu na zuwa da baƙin gilashi suna washe baki. Ko kunya babu.

Kin tuna ranar da na biyo ki daga rafi, ƙwarya a kafaɗarki, wuyanki a miƙe kamar karan dawa, ruwa na fallatso miki a kunne kina dariya? Ran nan hankalina ya tafi, har yau ina lodin fasinja a tashar Jabi bai dawo ba. Wayyo Naomi, kewarki na cina!

Ina roƙonki, kada ki yarda. Amma na san rumfar nan ke ciyar da Mama da ƙannenki, ni kuwa motar da nake ja ba tawa ba ce, ba zan cika miki baki ba. In kin ƙi, duk abin da na samu namu ne. In kuma dole ta sa kin ɗora, ba zan ga laifinki ba. Zan ajiye mota in zo in tsaya tsakaninki da ƙofar gidanku, don kada Mama ta gani.

Naki, ko me kika zaɓa, har ƙasa ta rufe idona,
Yamusa