Farin Allon Baba

Ranar Litinin

Zuwa ga mahaifina abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Inna da Auta. Yaya idon? Allah ya sa kana ɗiga maganin safe da yamma, ba sai Inna ta yi ta bin ka da kwalba ba. Auta, na san kai ke karanta masa, don Allah kada ka tsallake layi kamar wancan karon.

Baba, akwai abin da na yi ta jin nauyin faɗa maka. An kawo mana injin yankan sitika a makaranta, irin wanda kake cewa shi ya raba masu rubutun allo da buroshi irinku da abincinsu. Wata tsohuwar ɗaliba ce ta ba da shi kyauta. Da yake ni ce malamar zane, sai aka danƙa mini shi, da ɗan ɗaki a bayan ofis, da 'yan mata goma sha biyu na ajin ƙarshe waɗanda karatun littafi ke ba wuya. Ina so su fita da sana'a a hannu. Shugabar makaranta kuwa ɗakin take so, ta zuba karyayyun kujeru. A gaban malamai ta ce mini nan da mako uku kwamitin iyaye zai zo. In sun tarar da sabon allon sunan makaranta a bakin ƙofa, aikin yarana, ɗakin namu ne. In ba su tarar ba, in kawo mata makulli.

Ni kaina ban iya ba, tare muke koyo. A kwamfuta ake rubuta kalmar, injin ya riƙa jan ledar sitikar gaba da baya, wata 'yar wuƙa kamar ƙwayar shinkafa tana zana haruffan. Ranar farko na fito da wuƙar da yawa, ta yanka ledar har da takardar bayanta, haruffa suka zube ƙasa, yara suna ta dariya suna tsinta. Washegari na mayar da ita ciki da yawa, ko gezau. Sai da mai shagon da ke sayar da ledar ya ce kada tsinin ya wuce kaurin ledar kanta.

Bayan yanka sai tsinta: a sa allura a ɓare duk abin da ba harafi ba. Daga nan a shimfiɗa faffaɗan salatif a ɗauke haruffan gaba ɗaya, a manna a allo, a goge da katin roba. Akwai wata yarinya da ƙawayenta ke kira Shiru-shiru. Shekara uku tana ajina ban san muryarta ba, amma in ta riƙe allura sai ka rantse hannunka ne. Jiya ta ce mini, "Malama, ashe akwai abin da na iya."

Allon kam ba ni da fargaba a kansa. Wa zai koya wa 'yarka shirya allo? Kafinta ya kawo, zan goge shi da samfefa, in yi masa fentin mai, shafi biyu, yadda na gani a hannunka tun ina riƙe maka gwangwani. Ka sa mana albarka ko da ranka bai so injin ba.

A gaishe da Inna da maƙwabta.

Taka har kullum,
'Yar Buroshi


Ranar Asabar

Baba,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya, kuma ciwon ƙafar Inna ya yi sauƙi.

Aikin ya lalace, kuma ni na lalata shi.

Na yi fentin ranar Lahadi da Litinin. Ranar Talata na taɓa da bayan yatsa, yadda kake yi, na ji bai kama ba, na ce ya bushe. Ai kai a ranar kake ɗora rubutu, shekara talatin ba a taɓa dawo maka da allo ba. Shiru-shiru ta jera haruffan, shuɗi a kan fari, muka kafa shi a bakin ƙofa. Har masu wucewa suna tsayawa. Maigadinmu ya ce shi dai ko a bakin banki bai ga irinsa ba.

Ranar Alhamis da hantsi maigadin ya aiko a kira ni. Baba, haruffan nan duk sun yi bororo kamar fatar da ruwan zafi ya zuba wa. Gefunansu sun naɗe. Na kama ɗaya in gyara, ya taso da fentin a bayansa, yana naso kamar ƙulli. Na ruga wajen mai shago, ya tambaye ni yaushe na yi fentin. Da na faɗa masa sai ya riƙe baki. Ya ce shi fentin mai, samansa kawai ke bushewa a kwana biyu, cikinsa yana nan yana fitar da tururi har mako biyu ko uku. Rubutun buroshi fenti ne a kan fenti, tare suke bushewa. Ita kuwa leda rufe shi take yi, tururin ya rasa hanya, ya tura ta.

Abin da ya fi ci mini rai, kafin in dawo Shugaba ta riga ta fito ta tambayi wa ya manna, yara suka nuna Shiru-shiru. Ta ce mata dama wanda ya kasa a aji ba a waje zai iya ba. Yarinyar ba ta zo jiya ba. Na shiga ofis na gaya wa Shugaba laifina ne, na bi hanyar da na saba ban tambaya ba. Ta ce ita ba ruwanta da mai laifi, Alhamis mai zuwa kwamiti zai zo, kuma ba za ta sake ba da ko ƙusa ɗaya ba.

Ko na kankare na sake fenti yau, ba zai nuna kafin ranar ba. Na zagaya makarantar nan kaf ina neman tsohon allo mai lafiyayyen fenti, duk sun tsattsage. Da la'asar na je gidan su yarinyar. Uwarta ta ce tun jiya take kwance ta juya wa ƙofa baya. Na zauna a bakin gadon na yi mata bayanin fentin dalla-dalla, sau biyu. Ta ce, "Malama, don ki faranta mini ne kawai."

Ba don ka yi wani abu na rubuto ba. Na rasa wanda zai gane zafin abin ne in ba kai ba. In za ka ce dama ka faɗa, ka faɗa, na cancanta.

'Yarka,
'Yar Buroshi


Ranar Juma'a

Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna. Auta, wannan karon ka karanta a hankali.

Ranar Talata ina cikin aji maigadi ya ce ga direba yana nemana da kaya. Tun kafin a kwance buhunan na gane shi. Farin allon nan ne da ke jingine bayan ƙofar shagonka, wanda ka yi wa fenti shekara biyu da suka wuce, har ka ja layukan fensir, sannan idon ya hana ka ɗora ko harafi ɗaya. Wanda ka hana kowa taɓawa, ka ce shi za ka fara rubutawa ranar da likita ya yi maka aiki. Na karanta saƙonka: in wanke shi da ruwan sabulu, ban da kananzir, kuma in gaya wa injin nawa layinka na nan, kada ya kuskura ya kauce.

Ya fi namu ƙanƙanta, sai muka rage haruffan muka auna su daidai da layukanka. Na koma gidan su Shiru-shiru na ce mata allon mahaifina ne, guda ɗaya ne a duniya, kuma ni ban yarda da hannuna a kansa ba. Ta tashi ta jawo mayafinta. Ita ta manna daga farko har ƙarshe, sauran suna riƙe mata gefe, ba mai ko tari. Wajen wanki mun bar layin ƙasa, don ba harafin da zai hau shi.

Kwamiti ya zo jiya. Allon na nan lafau, ko bororo ɗaya babu. Wani dattijo a cikinsu ya ce ya yi ƙarami, wata uwa ta ce masa shi dai ya karanta ko bai karanta ba? Sun bar mana ɗakin zuwa ƙarshen shekara, daga nan a sake dubawa. Makullin dai har yanzu yana jakata.

Ya kamata in yi murna, Baba, amma na kasa. Na ga abin da Auta ya ƙara a ƙasan takardar da ƙananan haruffa, cewa tun watan jiya likita ya ce aikin ba zai yi amfani ba, kai kuma ka hana a gaya mini. Kada ka yi masa faɗa. Kana zaune da wannan, ni kuwa ina cika maka kunne da labarin inji. Kullum in na shigo ta ƙofar nan sai na sunkuyar da kai.

Roƙo ɗaya nake yi. Ka sa Auta ya kawo ka ranar Asabar ta sama, lokacin ba kowa. Na lura da wani abu da fenti ba shi da shi: harafin sitika yana da gefe, ɗan tudu siriri da yatsa ke ji. Zan ajiye maka benci a gindin allon. Ka bi haruffan da hannunka ɗaya bayan ɗaya, ka gaya mana ko mun kauce. Shiru-shiru ta ce za ta zo ta riƙe maka bencin, kuma in akwai gyara, ita za ka faɗa wa, ba ni ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da haƙuri. Ina jiran ka.

'Yarka mai ƙaunarka,
'Yar Buroshi