Rafin Bayan Gida Ya Kusa Iso Gare Ki, Inna

Mai karatu, bari in gargaɗe ka tun kafin ka yi nisa. Da mahaifiyata nake magana. Amma in gidanku yana cikin gidajen da ke jiran hadari ya haɗu su kwashi shara su nufi rafi, to ka zauna ka karanta har ƙarshe, kuma kada ka zo min da ƙorafin na yi zafi.

Zuwa ga mahaifiyata, Inna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan Allah ya sa kina cikin ni'imarsa, na rubuto ne in sanar da ke halin da rafin bayan gidanmu yake ciki, domin yanzu maganarsa ta zama taki.

Rafin yana cin gaɓar maƙabarta, Inna. Leda ta toshe kwalbatin da ke ƙasa da mu, in ruwa ya zo ya rasa hanya sai ya koma gefe yana zaftare ƙasa. Bara ya tafi da katangar maƙabartar. Bana ya fara matsowa layin da kike kwance. Ni mace ce, ba na shiga maƙabarta. Babban ɗana, mai sunan Baba, shi nake aikawa ya duba. Kullum ya dawo sai ya ce da sauran wuri, amma ba ya kallon idona in zai faɗa. Daga ƙofar baya ina hango aduwar da aka ce kina ƙarƙashinta. Saiwoyinta na gefen ruwa duk sun fito waje.

Kin sha ba mu labari cewa ranar da aka kawo ki daga Kebbe, ba ki tambayi ina kasuwa take ba, ina ruwa yake kika tambaya. A rafin nan kika koya min wanki. Ciyawar jema ta rufe gaɓarsa har ba a ganin wanda ke tsallake, mukan ciro ta mu shaƙi ƙamshin saiwarta.

Ina kuma tuna ki in gabas ta yi baƙi. Ki ɗaure zani, ki ce, "Ku kwashi shara maza, ruwa shi tai da ita." Mu ruga muna dariya, iska na kaɗa mana toka a fuska. Toka ce, da ƙaiƙayi, da kashin awaki, da ganyen da aka ƙunso daddawa. Masu fadama na ƙasa har murna suke yi, taki ne ya zo musu kyauta.

Sharar yau ba irin taki ba ce. Ledar ruwa ce, da robar lemo, da famfas ɗin jarirai. Ruwa ba ya tafiya da su ko'ina. Kai su kwalbati yake yi ya ajiye.

Ba zan ce mutanen unguwa sun zauna ba, zalunci ne in faɗi haka. Duk Asabar matasa suna fitowa aikin gayya, su shiga taɓo har ƙugu suna yashe kwalbatin. An jera buhunan yashi a gefen maƙabarta. 'Ya'yan ƙanenki na Kebbe sun ɗauko saiwar jema a kan babura, da duk munin hanyar nan, aka dasa. Fulanin da ke shayar da shanu a wurin, magana ɗaya mai unguwa ya yi musu suka mayar da mashayarsu can ƙasa. Masu jakunan ɗibar yashi ma sun bari, bayan an sha rigima. Liman ya yi huɗuba a kai.

Ni koko nake dama wa ma'aikata, har bayana ya fara ƙi. Na kuma bi gida gida ina yi wa mata faɗa. Yanzu akwai waɗanda in sun ji sallamata sai su shige ɗaki su turo a ce ba sa nan. Ban damu ba. Abin da ya gajiyar da ni shi ne a yashe ranar Asabar, ruwa ya sauka tsakiyar mako, a wayi gari kwalbatin ya cika kamar ba a taɓa shi ba. Kowa ya rantse ba daga gidansa ba ne.

Makon jiya da la'asar hadari ya haɗu. Ina kwashe shanya sai na ji ƙarar ƙofar baya. Saratu ce, ɗiyata, jikarki, wadda ta zo wankan gida daga Dogon Daji da ɗanta na fari. Bokiti ne a hannunta cike da famfas da leda. Kafin in kai gare ta ta juye shi a rafi. Da na daka mata tsawa, sai ta juyo da mamaki ta ce ai haka Inna ke yi, har ta maimaita min kalmominki, da irin muryarki. A ɗakinki ta tashi, ke kika koya mata.

Maƙwabciyarmu Ladi, wadda na fi kowa yi wa faɗa, tana leƙe ta kan katanga. Da ta yi magana da ya fi min sauƙi.

Ranar Asabar mai sunan Baba ya shiga kwalbati ya fito da ƙazantar ɗan ƙanwarsa da hannunsa. Da ya dawo ban tambaye shi ko da sauran wuri ba.

Ban ga laifinki ba, Inna. Abin da kika zubar ƙasa ta cinye shi tun tuni. Mu ne muka riƙe al'adarki muka canza sharar. Na gaji ne kawai. Na gaji da faɗa, na gaji da leƙen aduwar nan duk safiya. Da kina nan da na zo na kwanta a tabarmarki, ki kira ni "ke wannan" kamar yadda kika saba, ki ce in bar shi haka nan sai gobe.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka makwancinki, ya tsare shi daga ruwa, ke da duk waɗanda ke kwance kusa da ke. Allah ya ƙara wa yaran nan masu shiga taɓo ƙarfi da lada. Amin.

Ga abin da na yanke a gidan nan. Na sa kwaɗo a ƙofar baya, makullin yana ɗaure a bakin zanina. Toka da ƙaiƙayi gona za su. Leda da famfas a buhu za su zauna har mai kura ya zo ya kai su juji. In hadari ya haɗu, a kwashe shanya, a kora awaki ciki, amma ba mai taɓa kwandon shara, ɗan gida ne ko baƙo. Kuma ba wanda zai sake kiran sunanki a bakin rafin nan sai in addu'a zai yi miki.

Ɗiyarki ta fari, wadda ba ki taɓa kiran sunanta ba,
daga Tambuwal.