Muryata a Cikin Motar Bakus

Zuwa ga sanyin idona, Sawsan 'yar Abdulmun'im, iskar teku da ke shigo mini ta taga a tsakiyar bazara, inuwar ɓauren da nake gudu gare ta idan rana ta take, ruwan farko a kan ƙasar da ta gaji da jira. Amincin Allah ya lulluɓe ki, tun daga gyalen kanki har zuwa tafin ƙafarki da ke yini a tsaye gaban injin masaƙa.

Ki dubi inda na koma, Sawsan! Takarda da biro, ni da na haddace lambarki tun kafin in san sunan kakanki. Na kira, na sake kira, wayarki ta yi ta kuka har ta gaji ta katse. Saƙonnina suna can a jere ba ki buɗe ko ɗaya ba. Na zo ƙofar gidanku, Babanki ya fito yana gyara wuyan jallabiyarsa, ya ce, "Ustaz Mamduh, ka bar tukunya ta huce, ɗana," ya mayar da ƙofa a hankali. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Zoben baikonmu da kika aiko mini a cikin kwalin ashana yana nan kan teburina, kusa da littattafan yaran aji huɗu da na kasa dubawa. Nawa kuma yana hannun damana inda kika sa shi, ban cire ba, ba kuma zan cire ba.

Kin san ni da tsantseni, kin sha yi mini dariya a kansa. Ni ne mutumin da idan wani ya buɗe sifikar wayarsa a cikin mota sai in ji jinina ya hau. Na taɓa dafa kafaɗar wani ƙato a tashar Ramla, yana ta cinikin tumatir da murya kamar mai gwanjo, na ce masa, "Ɗan'uwa, wanda ya kira ka da kai yake magana, ba da mu ba." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, nan ba ajinka ba ne." Duk da haka ban daddara ba. Ko yaran ajina na koya musu cewa muryar wanda ya kira ka amana ce. Idan dole ta sa ka buɗe ta, to ka fara gaya masa cewa ga mutane suna ji, kuma ban da asibiti, ban da masallaci, ban da wurin zaman makoki. Har yau ban ce ƙarya na koya musu ba. Amma ina amfanin ladabin da ya san haƙƙin kunnen baƙo, bai san halin da masoyiyarsa take ciki ba?

Sai ga shi Allah ya jarabce ni da son ki, ke da ba a taɓa kiran ki ba ki buɗe sifika ba. Kin tuna karon farko, bayan an karanta mana Fatiha? Kin tashi daga aiki, kina cikin ƙaramar motar haya mai zuwa unguwar Bakus. Na sassauta murya na ce, "Yau tun safe ban sha shayi ba, tunaninki ya ƙosar da ni." Kafin ki ce uffan sai na ji muryar wata tsohuwa: "Allah sarki! Ka sha shayinka, ɗana, yarinyar tana nan ba inda za ta." Direba kuma ya ɗora daga gaba: "Malam, don Allah a ɗaura auren nan mu huta, na baya a miƙo kuɗin mota!" Motar ta kwashe da dariya. Ni kuwa ina ɗakin malamai, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da na yi miki ƙorafi da yamma kika yi murmushin nan naki mai sa in manta abin da na zo faɗa, kika ce, "To, na ji." Washegari mai kifi a kasuwa ne ya ba ni shawarar in rage kishi.

Na saya miki abin sawa a kunne, fari, mai kyau. Kika karɓa da hannu biyu, kika gode, ban taɓa ganin sa a kunnenki ba. Na ce taurin kai ne. Na ce rainon masaƙa ne, inda kowa ke magana da ihu. Har a raina na ce idan kin zo gidana zan gyara ki, ji fa, ni mai gyaran mutane! Daga nan na daina gaya miki komai mai daɗi a waya. Sai "kin isa gida?", sai "gaida Mama". Na riƙe kalamaina kamar mai ɓoye zuma don gudun ƙudaje, ina cewa na gida ne, ba na titi ba.

Sai ranar da mijin ƙanwata Huda ya sake ta. Ta dawo gida da jaka ɗaya da jariri, Mama ta rufe tagogi ta ce kada maganar ta fita har sai manya sun zauna, ko Allah zai sa a daidaita. Ƙirjina ya cika, ba ni da wanda zan juye wa sai ke. Na kira ki, na tambaya, "Ke kaɗai ce?" Kika ce, "E." Na zazzage miki komai, har abin da mijin ya faɗa a kan matakalar bene, wanda bai kamata ko bango ya ji ba. Ashe kina cikin mota, sifika a buɗe, Ummu Sabri kuma, maƙwabciyarmu ta bene na biyu, tana kujerar bayanki da kwandon kuɓewa a cinya. Kin san ta, gara ka ba gidan rediyo labari da ka ba ta. Kafin in iso gida mata uku sun riga sun shigo yi wa Mama jaje, Huda kuma ta kulle kanta a banɗaki tana kuka.

Ba zan wanke kaina ba, ya hasken raina. Na fita bakin titi, na kira ki, kika ɗauka kina layin burodi a unguwarku. Ban yi sallama ba. Na ɗaga murya yadda ban taɓa ɗaga wa ko yaron da ya fasa gilashin aji ba, na ce, "Sau nawa zan gaya miki? Ba ki da tarbiyya ne? Ke kurma ce?" Na ji layin burodin ya yi tsit. Na ji wani dattijo ya ce, "A'a, ɗan nan, ka ji tsoron Allah." Sai wayar ta mutu. Magana zarar bunu ce, na sani, na koyar da hakan, amma ranar na zare ta da hannuna a gaban duk unguwarku.

Inna Afaf, ƙanwar Mamanki, ita ta kawo zoben. Ta same ni a ƙofar makaranta, ta ƙi shiga, ta ƙi zama, ta ƙi ko ruwa. Ta danƙa mini kwalin ashanar, ta riƙe ƙugu ta ce, "Kai ne malamin? To yau ka zo aji. Yarinyar nan kunnenta ɗaya ya tafi gaba ɗaya, ɗayan ma yana bin sa. Ƙarar injin ce ta cinye su tun tana 'yar ƙarama. In ba ta buɗe abin nan ta manna shi a kunne ba, muryarka ba ta fi kukan sauro ba. Abin kunnen da ka saya likita ya hana ta sawa. Kana tambaya tana ce maka e, e, kai kana jin daɗi ka samu mai biyayya!" Na ce, "Inna, me ya sa ba ta gaya mini ba?" Ta ce, "Ta gaya maka don uwarka ta ce ɗanta mai ilimi ba zai auri mai lalura ba? Ta gaya maka don a masaƙa su ji su sallame ta? Kai da ka iya gane wanda bai sa ɗigo a kan harafi ba, ba ka lura kullum bakinka take kallo ba?"

Ina lura, Sawsan. Wallahi ina lura! Na ɗauka so ne. Ina komawa gida ina taƙama a raina cewa yarinyar nan ko ƙiftawa ba ta yi idan ina magana. Ashe kina tsintar kalmomina ne ɗaya bayan ɗaya daga leɓɓana, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, ni kuma ina juya fuska ina kallon titi ina zuba.

Inna ta juya za ta tafi, sai ta dawo ta ƙara mini wadda ta hana ni cin abinci har yau. Ta ce daren da kika cire zoben kin ce mata, "Inna, ba zagin ne ya fi ci mini rai ba. Mutumin nan bai taɓa cewa yana so na ba, ko sau ɗaya. Kullum sai ladabi, sai gyara."

Ban taɓa ba? Ni? Ya Rabbi! Sawsan, kin tuna yammar da muka zauna a kan katangar bakin teku, Inna tana can nesa kaɗan tana cinikin gasasshiyar masara? Rana tana faɗawa cikin ruwa, igiyar ruwa tana dukan duwatsu tana watso mana gishiri, gyalenki mai ruwan zuma yana kaɗawa yana taɓa kafaɗata. Mutane sun cika wurin, don haka na sunkuyo, na rage murya yadda ko iska ba za ta ɗauka ba, na gaya miki abin da na kwana ina shiryawa. Na ce ina son ki fiye da yadda na san ana son mutum. Na ce ban san gida ba sai da na gan ki. Kika dubi teku, can kika ce, "Masarar nan ba gishiri." Na ji daɗi har cikin ƙashina. Na ce ga kunya, ga 'yar mutunci, ta ji amma ta kawar da kai. Na sake faɗa miki a kan matakalar gidanku ranar Sallah, da raɗa. Na sake faɗa a bayan Babanki muna tafiya, da raɗa. Duk abin kirkin da na taɓa gaya miki, da raɗa na faɗe shi, don kada wani ya ji. Wani bai ji ba kuwa, har da ke. Sau ɗaya tak na ɗaga murya yadda za ta iso ki sarai, kuma kin san abin da na faɗa.

Yaya zan yi da wannan, ya farin watana? Wa zan kai wa ƙara, alhali ni ne mai laifin, ni ne kuma wanda aka yi wa hukunci? Teku yana nan inda yake, masu masara suna nan, motocin Bakus suna wucewa cike da mutane kowa da wayarsa a buɗe, ban ƙara ce wa kowa komai ba. Jiya wata yarinya ta zauna kusa da ni ta manna waya a kunne, muryar wani tana fita har waje. Sai na kama kaina ina hawaye, mutumin da ke gefena yana miƙo mini hankici yana cewa, "Allah ya jiƙan wanda ya rasu, Ustaz."

Ba zan yi miki ƙarya ba, a gida ma ba ni da mataimaki. Mama ta ce Allah ya raka taki gona, har ta fara ambaton 'yar wata ƙawarta. Ban gaya mata lalurarki ba, domin sirrinki ne, kuma na riga na ga abin da bakina ke jawowa idan ya saki sirrin wani. Huda kaɗai ce da ta ga kwalin ashanar ta ce, "Yaya, ni an sake ni, kai kuma kana neman sakin kanka da kanka." Ba ni da abin da zan yi dai sai jira. Ba zan iya dawo miki da abin da injin ya cinye ba. Ba zan iya bin layin burodin nan gida gida in kwashe kalmar daga kunnuwan da suka ji ta ba. Ban ma san ko za ki karanta wannan ba, ko za ki naɗe ta a mayar mini kamar zoben.

Amma idan idonki ya kai nan, to ga shi a rubuce, inda ƙarar teku ba za ta cinye shi ba: ina son ki, Sawsan. Ina son ki da kunne biyu, ina son ki da ɗaya, ina son ki ranar da ba ko ɗaya. Zan fuskance ki duk lokacin da zan yi magana. Zan raka ki wurin likita in zauna a benci har a gama. Maganar Mama ki bar mini ita, ni zan tsaya, ranar da kika ba ni izini. Idan kin ga dama ki kira ni daga tsakiyar kasuwa, ki buɗe sifikar har ƙarshe, masu kifi su zama shaidu.

Abu ɗaya na tambayi Inna ta hana ni. Na ce, "Wane kunnen ne ya rage?" Ta harare ni ta ce, "Duk tsawon baikon nan ni za ka tambaya? Je ka tambayi mai shi." Na zauna na bi duk zaman da muka taɓa yi, ina tuna gefen da kike juyo mini, na kasa ganewa. Wannan ma kaɗai ya ishe ni kunya har in mutu.

Ba na ce ki yafe mini yau ba. Ki aiko Inna da kalma ɗaya kawai, hagu ko dama, in san gefen da zan zauna.

Naki, ko kin amsa ko ba ki amsa ba, har ranar da za a juya fuskata gabas,

Mamduh