Filin Tsamiyar da Kuka Kewaye

Zuwa ga Alhaji Kiyari, shugaban partinmu na garin Gure.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni ce Falmata mai waina, matar marigayi Malam Bukar, ta unguwar bayan kasuwa. Ina faɗa ne 'yata tana rubutawa. Na yi ta zuwa biro, wato ofishin parti, kullum gardi ya ce ka tafi Damagaram, shi ya sa na fito da maganar fili.

Na farko, ina so in tuna maka yadda filin tsamiya yake. Shekarar da rairayi ya binne lambunmu a Gidigir muka shigo gari, ba mu da kowa. A gindin tsamiyar nan muka sauke kaya. Baba Kolo, Allah ya jiƙansa, shi ne shugaban parti a lokacin, kuma tabarmarsa ita ce bironsa. Shi ya nuna mini inda zan kafa murhu. Da safe yakan sayi waina ya ce, "Falmata, gidan wa ba a hura wuta ba yau?" In na faɗa masa, kafin azahar hatsi ya shiga gidan, ba wanda ya san daga inda ya fito. Bai taɓa tambayar wa mutum ya zaɓa ba.

Kai ma ka san wurin, Alhaji. Kana saurayi a nan kuke shan shayi da abokanka, kuna gardamar siyasa har muryarku ta dishe. Fanna mai ƙosai tana gefena, masu nono daga Bune suna hutawa a inuwa, ga famfo kowa na ɗiba. Talakawa ne mu a lokacin ma, amma muna da wurin zama.

Na biyu, bara bayan damina kuka kewaye filin da bulo, kuka sa ƙofar ƙarfe, kuka gina sabon biro. Ba a tambaye mu ba. Tsamiya ta koma ciki, famfo ya koma ciki. Ranar buɗewa aka kira mu, muka ɗaura atamfar parti, muka yi guɗa, don mun zaci namu ne. Washegari na zo da tanda da itacena, sakatarenka ya tare ni ya ce, "Mama, nan ba kasuwa ba ce." Yaron da a gabana aka yi sunansa.

Na uku, ga inda muka ƙare. Ni ina suya a ƙofar gida, cikin lungun da ba mai bi, rabin ƙullun yakan kwana. Ruwa sai mun saya wurin masu tura kurar ruwa. Fanna, da tsufanta, ta koma yawo da tire a ka. Watan jiya jiri ya ɗebe ta a bakin tasha, ta faɗi ta karye a ƙugu. Wannan matar ita ce ke bi gida gida tana tada mata ranar zaɓe. Ko mutum ɗaya daga biro bai leƙa ta ba.

Ba mu ce a rushe gini ba. Roƙonmu shi ne a buɗe ƙofar da safe mu yi sana'armu a inuwa, in rana ta ɗaga mu share mu tashi. A fito da bakin famfo waje. Sannan ka taka da ƙafarka ka je ka gaida Fanna. Duk lokacin da na shiga ɗakinta sai ta ce, "Kiyari ya ji kuwa?" Ni kuma in ce mata ba ka ji ba, don haka nake so ya zama. To, yanzu ka ji.

Allah ya yi maka jagora, ya raya maka zuri'a, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Wassalam.

Falmata Bukar, Gure.