Itatuwan Gonar Abu Nawaf

Kurayyat, Jidda

Zuwa ga 'yata Jawahir, likitar itatuwa,

Assalamu alaikum. Ummanki na gaishe ki. Shekara uku ke nan kina Ɗa'if kina karatun gansakukar da ke manne a ɓawon itace. Ni da na tsaya a aji huɗu, da farce nake kankare ta. An ce kin daina cin abinci. Lafiya? Ko gansakukar ce ta yi miki rashin kunya?

Mahaifinki,
Rafi'u direban kaji

Baba,

Wa alaikumus salam. Wallahi ina cikin mushkila. Kashin kaji yana fitar da iska mai suna amoniya. Inda ta yi yawa, gansakuka mai launin toka mutuwa take, mai ruwan ɗorawa ta mamaye wurin. Na auna ko'ina a dutsen nan na Ɗa'if, babu inda ya kai kewayen gonar kajin Abu Nawaf, kafilinka, mai gidan da ya tsaya maka, yawan iskar. In na miƙa wa jami'a binciken, sunan gonar zai fito, ga iƙamarka, takardar izinin zamanka a ƙasar nan, a hannunsa. Zan cire babin gonar, halas.

Allah ya ƙara girma,
Jawahir

Jawahir,

Gaisuwa. Kada ki cire ko wasali. Mu direbobi mun riga jami'arku sani: in itatuwa suka fara zama ruwan ɗorawa, a rage gudu, kwanar gona ta zo.

Ga hotuna tara. Kowace Sallah nakan jingina da itacen ƙofar gonar a ɗauke ni. Bar kallon tumbin da ke ƙaruwa, dubi ɓawon da ke bayana: na farko toka, na ƙarshe kamar an baɗa masa gangamau.

Jiya na kai wa Abu Nawaf su da kaina, na fassara masa wasiƙarki. Ya ce, "Ya Rafi'u, 'yarka ce za ta tona ni?" Na ce, "A'a, ya shehi, itatuwanka ne suka tona ka. Ita sakatariyarsu ce."

Babanki

Baba!

Sai me ya ce? Don Allah bar wasa.

Jawahir

'Yata,

Ya sabunta iƙamar. Ya ce ki zo Asabar ki nuna masa inda za a mayar da tulin kashin. Kwasarsa kuwa, ni aka ɗora wa.

Yalla, miƙa bincikenki. In za ki zo, taho mini da turaren wardin Ɗa'if, babbar kwalba.

Wassalam,
Babanki