Murya Biyar a Ƙasan Akwati

Asabar, 1 ga Rajab 1365
Kwana tara da dawowata daga Alƙahira. Takardar shaidar malanta tana saman akwati, faifan garmaho yana ƙasa, cikin tsohon mayafin Inna. Wani Ba'italiye mai kantin littattafai ya ba ni. Addu'ar coci ce da harshen Latin, wadda aka tsara shekara kusan ɗari huɗu da suka wuce. Ba ganga, ba garaya. Murya biyar kawai, kowace da hanyarta.

Litinin, 3 ga Rajab
Kawu Sabo, ladanin masallacin unguwarmu, ya tsaya mini in sami aikin koyarwa a makaranta. Ya ce wa shugaban, "Yaron nan a wuyana." A garin nan idan aka kama garmaho fasa shi ake yi a bainar jama'a. Aikin zai tafi, sunan Kawu ya bi shi.

Laraba, 5 ga Rajab
Ban taɓa akwatin ba.

Asabar, 8 ga Rajab
Rabi'u tela yana da garmaho a ƙarƙashin tarin yadi. Bayan la'asar muka cusa tsumma a bakin ƙahon garmahon don rage ƙara. Minti huɗu da daƙiƙa goma. Siririyar muryar ta fara, ta biyu ta bi sawunta da kalma ɗaya, kafin ta kai ta uku ta shigo. Ba mai jiran wani, ba mai taka wani. Rabi'u ya ce, "Ustaz, waɗannan ba su da liman ne?"

Litinin, 10 ga Rajab
Mun sake. Kawu ya shigo karɓar jallabiyarsa. Ban ɗaga allurar garmahon ba. Ya tsaya har ƙarshe.
"Me suke cewa?"
Na ce, Ubangiji ka yi rahama. Shi ke nan, suna ta maimaitawa.
"Su nawa?"
Biyar.
"Shida."
Na nuna masa rubutun jikin faifan. Ya ce, "Kai ka karanta, ni na ji." A bakin ƙofa ya juyo: "Ya waladi, ɗana, ko wannan ko aji. Zuwa Juma'a."

Alhamis, 13 ga Rajab
Ya ja ni saman dutsen bayan gida gab da magariba. Babban ladanin Masallacin Harami ya ɗaga kiran salla daga saman rijiyar Zamzam. Hasumiya ta farko ta karɓa, ta biyu ta shigo kafin waccan ta sauke, duwatsu suna mayarwa. Shekara ashirin da uku ina jin wannan ina neman takalmina.
Kawu ya ce, "Tayyib, to. Ƙirga muryoyin."
Na kasa.

Juma'a, 14 ga Rajab
Na saurara sau ɗaya na ƙarshe. A daƙiƙa ashirin na ƙarshe muryar ƙasa tana rabuwa biyu. Shida. Na sa faifan a gwiwa na danna. Ya karye gida uku. Na zaci zai fi wuya.

Litinin, 17 ga Rajab
Na fara aiki. Ɗalibai talatin da ɗaya.
Da azahar Kawu yana alwala yana gunguni a hanci, ƙasa-ƙasa. Na gane ta, murya ta shida ce. Ya gan ni ya yi tari.
Na zuba masa ruwa. Ina jin na ɗan riƙe muryar sama a hancina, amma ban tabbata ba.